Yadda ake gano matsalar marufan iska idan injin mota yana zafi, da yadda ake gyara su

Ana tsakiyar zafin bazara wani Alhaji ya kawo mana mota 'yar Amurka, ba ta fi wata biyu da sauka daga jirgi ba. Kukansa ɗaya ne: da safe lafiya lau, amma da zarar rana ta take ya hau babban titi, sai AC ta fara huro iska mai ɗumi, can kuma allurar zafi ta fara hawa. Kafin ya zo wurinmu ya zaga gareji biyu. An cire masa tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗau zafi) an jefar, an haɗa fanka kai tsaye ta yadda da an murza makulli take kamawa, an wanke lagireto, har famfon ruwa an sake. Kuɗi sun tafi, zafi yana nan.

Ina cikin tambayarsa sai yarona ya durƙusa gaban motar da tocila ya leƙa ta ragar bamba, ya ɗago ya ce, "Oga, ai gaban nan a rufe yake ruf." Na karɓi tocilar na duba. Marufan iska ne, sun kulle, ko tsinke ba zai wuce ba. Wata biyu an bar jaki ana dukan taiki.

Mene ne marufan iska?

Ka san tagar lubas, wadda gilasanta ke jere kwance, hannu ɗaya yana buɗe su gaba ɗaya ya rufe su gaba ɗaya? To irin wannan ne aka yi da baƙar roba aka ɗaura tsakanin ragar gaban mota da kwandensar AC (wadda ke huce gas ɗin AC) da lagireto. Ganyayen suna haɗe da sanda ɗaya, ɗan ƙaramin moto na lantarki ne ke juya su, shi kuma ƙwaƙwalwar mota ce ke ba shi umarni. Idan inji yana da sanyi sai a rufe su don ya yi saurin kai zafin da yake aiki da shi, wato tsakanin digiri 85 zuwa 105 a yawancin motocin zamani. Idan ana gudu a babban titi kuma inji ba ya neman iska, nan ma a rufe su don iska ta zame ta gefen mota, a ɗan rage shan mai. Da zarar ruwa ya ɗau zafi, ko AC ta matsa, sai a buɗe.

BMW ta daɗe tana sa su. Ford Focus na Amurka yana da su tun samfurin 2012, Fusion da Escape daga 2013, Nissan Altima daga 2016, Honda CR-V daga 2017, haka Toyota Prius na 2016. Hyundai da Kia sun fi sa su a motocinsu masu haɗin mai da lantarki, kuma su har saƙo suke rubutawa a allon direba cewa a duba su. A sikana, wato na'urar da ke karanta ƙwaƙwalwar mota, za ka gan su da sunan AGS, a Hyundai da Kia kuma AAF. Ba kowace mota cikin samfuri ɗaya ke da su ba, saboda haka kada ka rantse sai ka leƙa.

Abin ya fi amfani ne a ƙasashen ƙanƙara. A Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda zafi ke wuce digiri 40, kusan kullum a buɗe ya kamata su wuni. Sannan da yawa cikin motocin da ake shigo mana da su daga gwanjon Amurka gabansu ne ya bugu, kuma marufan nan su ne farkon abin da ke karyewa. Mai gyaran jiki zai miƙar da ƙarfe, ya fesa fenti, mota ta fito tana walƙiya, amma abin da ke bayan raga sai Allah.

Fara da tambaya: yaushe take zafin?

Kafin ka ɗauki sifana, zauna da mai motar. Amsarsa ta kan rage maka rabin aiki.

Motar da ke zafi a cunkoso kawai, da an samu hanya allura ta sauka, fanka za ka fara tuhuma, domin iskar gudu tana shiga ke nan, gaba a buɗe yake. Motar da allurarta ke tashi cikin 'yan mintuna da tayarwa, tiyon sama ya yi zafi jau na ƙasa yana da sanyi, wannan tamostat ne ya maƙale ko famfon ruwa. Su kuwa marufan iska salonsu daban. AC ce ke fara kuka, saboda kwandensa ce a gaba, ita ke fara rasa iska. Matsin gas ya hau, kwamfireso ya yanke. Fanka ta riƙa ruri kamar jirgi zai tashi, wani lokaci har bayan an kashe mota. Gudu ba ya kawo sauƙi, sai ma ya ƙara, musamman da lodi ko a hawa irin na Hawan Kibo a hanyar Jos. Mota mai tobo kuma za ka ji ta yi nauyi, domin iskar da take sha ba ta huce ba.

Akwai kuma akasin haka, su maƙale a buɗe. A wajenmu wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Iyakaci inji ya yi jinkirin ɗumama da sanyin safiyar hunturu, wutar gargaɗin inji ta kama, mai ya ɗan ƙaru.

In zafin ya same ka a hanya: kashe AC, kunna hita har ƙarshe ko da za ka yi gumi, ka sauka gefen titi. Idan ka ga tururi ko allura ta shiga ja, kashe inji nan take. Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla rabin awa. Ruwan ciki a matse yake, yana iya wuce digiri 120 bai tafasa ba, da ka sassauta murfi zai tashi maka a fuska.

Mataki na farko: kawar da abubuwan da aka saba, inji yana sanyi

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Duba ruwa a tanki da lagireto, duba robar murfin ko ta tsage, bi tiyo-tiyo da ido ko akwai farin tabo na yoyo. Zaro sandar baƙin mai, ka buɗe murfin mai. In ka ga ya koma kamar shayi da madara, gaskit ɗin kan inji ya riga ya tafi, magana ta sake. Tayar da mota ka kunna AC ka tabbatar fanka tana juyawa, kuma ciki take jawo iska. Na sha ganin fankar da aka juya wa waya tana tura iska waje.

Mataki na biyu: tocila da takarda

Durƙusa ka haska ta ragar ƙasa da ta sama. In kana hango siraran layukan kwandensa masu launin azurfa, ko dai marufan a buɗe suke ko motar ba ta da su. In baƙar roba ka gani jere kamar bango, a rufe suke. Wasu motocin suna da jere biyu, na sama da na ƙasa, wani lokaci kowane da motonsa. Ɗaya na iya aiki ɗaya ya mutu, don haka duba duka.

Yanzu sa wani ya tayar da motar kai kana kallo, hannunka a waje. Motoci da yawa, irin su Ford, da an tayar da su sukan gwada marufan, su kai su ƙarshe a rufe su kai su ƙarshe a buɗe, don ƙwaƙwalwa ta san iyakarsu. Kalli yadda suke tafiya. Mai lafiya yana tafiya sumul, duk ganyayen tare. In ɗaya ya tsaya sauran suna motsi, ya fita daga raminsa ko sandar haɗi ta karye. In kana jin ƙas-ƙas-ƙas babu motsi, haƙoran cikin moto sun cinye. In ya fara tafiya ya tsaya rabi ya koma, wani abu ya tokare shi. In shiru kake ji, to ko wuta ba ta zuwa ko moton ya mutu.

Bar motar ta ɗau zafi, kunna AC har ƙarshe. A yanayinmu, da fanka ta kama dole marufan su kasance a buɗe. Ɗauki fallen takarda ka kara a jikin raga. Idan hanya a buɗe take, fanka za ta tsotse takardar ta manne. Idan ta zame ta faɗi alhali fanka tana ihu, iska ba ta gaba take shigowa ba, tana zagayowa ne ta gefe da ƙasa, mai zafi ma kuwa. Wannan gwajin ko sisi ba ya ci, amma shi ne ya gamsar da Alhajin nan fiye da duk bayanin da na yi masa.

Mataki na uku: sa mata sikana

A nan mutane ke yin gaggawa. Su karanta lamba, su goge, su ce an gama. Rubuta lambobin tukuna kafin ka goge komai. Waɗanda suka shafi wannan aiki:

P059F yana nufin marufan ba su kai inda aka umarce su ba. Yawanci matsalar ta jiki ce: tokarewa, karaya, ko haƙoran moto.

U0284 yana nufin ƙwaƙwalwa ta kira moton bai amsa ba. Wannan ka nufi fis, soket da waya.

P0217 shaida ce cewa inji ya taɓa wuce gona da iri a zafi. P0128 kuma cewa yake inji ba ya kai zafin da ya kamata, kuma a ƙasar nan sau da yawa ma'anarsa wani ya riga ya cire tamostat.

Ƙaramar sikana ta waya ba lallai ta nuna duka ba, domin a wasu motocin lambar tana ɓoye a wani sashen na ƙwaƙwalwa, kuma ba kullum wutar gargaɗi ke kamawa ba. In kana da babba, shiga bayanan da ke gudana ka dubi abu uku: zafin ruwa, matsayin da aka umarci marufan, da zafin iskar waje. In akwai wurin ba da umarni da hannu, ce su buɗe, ce su rufe, kana kallo.

Zan ɗan tsaya kan zafin iskar waje, domin shi ne abin da aka fi mantawa. Akwai wata 'yar sansa kamar kan biro da ke maƙale a bayan bamba ko gaban kwandensa. Ita ke gaya wa mota yanayin gari. A motar da ta yi hatsari sau da yawa ta fizge, ko an bar soket ɗinta yana reto. Idan ta yanke, motoci da yawa sukan karanta digiri 40 ƙasa da sifili. Ka ga mota tana Kano da azahar amma tana zaton tana tsakiyar ƙanƙara. Sai ta riƙa jinkirin buɗe marufai, wata ma ta hana AC kamawa. Marufan lafiyarsu ƙalau, ƙarya aka yi wa mai ba su umarni. In lambar da ke allon direba ta saɓa wa abin da jikinka ke ji, fara gyara wannan.

Mataki na huɗu: kwance bamba ka taɓa da hannu

Kashe mota, zare makulli, cire kan batir na ƙasa, wato mai alamar (-). Moton nan ƙarami ne amma yana iya matse yatsa, fanka kuma tana iya tashi da kanta. A yawancin motoci sai an sauke rigar bamba: maɓallan roba a sama ƙarƙashin bonet, sukurori a cikin kumatun taya, wasu a ƙasa. Kafin ka ja ta, zare soket ɗin fitilun hazo da na sansar fakin. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki, ka zuba maɓallan a gwangwani ɗaya.

Kada ka tura ganyayen da ƙarfi moto yana haɗe. Haƙoran cikinsa na roba ne, kai da kanka za ka ƙarasa su. Kwance moton tukuna, galibi sukurori biyu ko uku ne ko maƙalai, ka lura da yadda bakinsa ya zauna a kan sandar. Sannan ka juya ganyayen da yatsa ɗaya. Ya kamata su tafi daga ƙarshe zuwa ƙarshe ba tare da ka yi nishi ba. In sun tafi sumul, laifin na moto ne ko waya. In sun cije, bi su ɗaya bayan ɗaya har ka ga inda suke gogawa.

Abubuwan da na fi tsinta a nan: busasshiyar laka ta damina da ta daskare a ramukan da ganyaye ke juyawa, ƙurar hunturu da ta haɗu da giris ɗin da wani ya shafa ta zama kamar kwalta, leda, tsakuwa, karan dawa, gawar tsuntsu. Sai kuma aikin hannun mutane, wanda ya fi yawa. Firam ɗin da ya lanƙwashe a hatsari aka ɗaure shi da waya a karkace. Fentin da aka fesa ya shiga ramuka ya bushe. Ƙarin ham ko fitila da aka ɗaura a gaban ganyaye. A motar Alhaji, dogon sukuru ne da aka ɗaura lamba da shi ya huda bamba ya shige tsakanin ganye biyu. Moto ya yi ta fama da shi har haƙoransa suka cinye a rufe.

Tunda gaba a buɗe yake, haska tsakanin kwandensa da lagireto. Wurin nan yakan tara ciyawa da gashin kaji da ƙura kamar katifa. Marufai na iya zama a buɗe amma iska ta kasa ratsawa.

Mataki na biyar: wuta

In ganyaye suna tafiya lafiya, koma kan soket. Buɗe shi ka duba: kore-kore ko fari-fari a kan ƙafafun yana nufin ruwa ya shiga, abin da ke yawan faruwa ga motar da ta ratsa ambaliya ko ake wanke ta da injin feshi mai ƙarfi. Yawanci wayoyi uku ne ke aiki: ta wuta, ta ƙasa (wadda ke haɗe da jikin mota), da ta saƙo wadda ake kira LIN.

Mayar da kan batir, murza makulli. Da mita, wayar wuta ta ba ka abin da batir ke bayarwa, wajen volt 12 da ɗoriya, in inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.7. In babu, nemi fis ɗinsa a littafin motar. Fis da ya sake ƙonewa bayan ka canza yana gaya maka waya ta goge a jikin ƙarfe. Bi ta, musamman inda aka yi gyaran hatsari, kada ka ƙara masa girma ko ka naɗa masa silin waya. Gwada ta ƙasa ita ma, domin ƙasa mai tsatsa tana sa moto ya yi aiki yau gobe ya ƙi.

Wayar LIN ita ce mai laulayi. Saƙo ne ke bi ta cikinta, don haka a mita za ka ga lamba tana rawa ƙasa da ta batir kaɗan. In ta tsaya cak a sifili, ta taɓa ƙasa ko ta yanke. Kada ka soka mata fitilar gwaji, kada kuma ka ɗauko waya daga batir ka ba moton kai tsaye don ka ga ko zai juya, yadda ake yi wa fanka ko ham. Akwai ɗan allon lantarki a cikinsa, ba ya motsi sai da saƙo, kuma kana iya ƙona shi ko ka ƙona hanyar ƙwaƙwalwa. A wasu motocin wannan waya ɗaya ce ke haɗa marufan da altaneto, shi ya sa moton da ruwa ya shiga kan jawo fitilar batir ta kama. In ka ga matsalar caji da ta marufai sun zo rana ɗaya, zare soket ɗin marufan ka ga ko cajin zai dawo kafin ka sa mutum sayen altaneto.

Wuta tana zuwa, ƙasa lafiya, saƙo yana zuwa, ganyaye ba su cije ba, moto bai motsa ba: moton ya mutu.

Gyaran kansa

In datti ne, wanke da ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ka bar shi ya bushe. Fesa man silikon kaɗan a ramukan, irin wanda ke bushewa. Ban da giris, ban da baƙin mai. A ƙurarmu sati biyu ya isa su koma abin da ka wanke. Ganyen da ya fita daga raminsa, ɗan lanƙwasa shi a tsakiya a hankali zai koma. Wanda ƙafarsa ta karye, cire shi gaba ɗaya ya fi a liƙa da gam, domin liƙin zai saki a hanya ya tokare sauran.

In moto ne, je da tsohon a hannu, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka gwada lambar da ke jikinsa da ta wanda za a ba ka. Motoci biyu na iya kama da juna kamar tagwaye amma saƙon da suke ji ya bambanta. Ka yi sharaɗi da mai kaya cewa in bai yi ba za ka dawo da shi, kuma ka gwada shi kafin ka mayar da bamba. Wajen ɗaurawa, juya ganyayen su dace da bakin moton, kada ka murɗa moton ya dace da su. In firam ya karkace ko ya tsage, sayen jeren gaba ɗaya ya fi sauƙi. Firam mai karkata zai cinye sabon moto kamar yadda ya cinye tsohon.

Bayan ɗaurawa goge lambobi, kashe mota, sake tayarwa, ka kalli gwajin da take yi. Wasu motocin da kansu suke koyon iyakar marufan, wasu sai ka shiga sikana ka sa su.

In ba a samu kaya ba

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. A yanayinmu, marufan da ke buɗe har abada ba su da wata illa da za ta hana ka barci. Waɗanda ke iya rufewa su ƙi buɗewa su ne ke kashe inji. Saboda haka in babu kaya ko babu kuɗi, cire ganyayen. Amma da tsari. Bar firam ɗin da robobin gefensa, domin su ke tattara iska su tura ta cikin lagireto. In ka cire su iska za ta bi ta gefe, ka yi gyaran gangar Auzinawa. In moton yana da rai, bar shi a soket, ka bar ganyen da yake juyawa da sandar haɗi da na can ƙarshe, ka zare na tsakiya. A motoci da yawa hakan yana sa moto ya ci gaba da jin iyakarsa, wutar gargaɗi ba za ta kama ba. In moton ya mutu, naɗe soket ɗin da tef kada ruwa ya shiga, ka gaya wa mai motar gaskiya cewa wutar za ta iya zama a kunne, kuma ranar da wata matsalar ta daban ta zo ba zai gane ba sai ya riƙa sa sikana lokaci-lokaci. Ɗaure ganyaye a buɗe da waya moto yana haɗe kuwa, wannan kashe moton ne a hankali.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne cire tamostat. Marufan iska ƙari ne, tamostat kuwa asali ne. Injin da ba shi da tamostat yana yawo da sanyi, ƙwaƙwalwa tana ta ƙara masa mai, baƙin mai yana saurin lalacewa. A wasu injinan ma tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya shiga lagireto ba, in ka cire shi sai zafin ya ƙaru. Mun mayar wa Alhaji nasa, muka mayar da fanka kan rilenta, wato abin da ke kunna ta idan inji ya nema.

Tsofaffin makanikai za su ce ai wannan tsohon zance ne, kuma sun yi gaskiya. Volkswagen Beetle da aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975 ba ta da ruwa sam, iska ce ke sanyaya ta, kuma a samfura da yawa na Beetle akwai marufai na ƙarfe a cikin gidan fanka. Wani ɗan tamostat mai kama da zugazugi a ƙarƙashin silinda na dama ne ke tura su, yana buɗewa tsakanin digiri 65 zuwa 70. In ka samu irinta tana zafi, duba sandar da ke haɗa su da sifirin ɗin ko tsatsa ta kama su a rufe. Wanda ya cire marufan gaba ɗaya ma bai kyauta ba, domin ko a buɗe suna karkata iska zuwa kan silinda, inda zafi ya fi yawa.

Gwajin ƙarshe

Kada ka ba da mota daga cikin gareji. In ka taɓa tamostat ko tiyo, cika da ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba ruwan rijiya ba, ka fitar da iskar da ta shiga, hita a kunne, har kumfa ta daina fitowa. Sannan fita da ita da rana, AC a kunne, wani yana riƙe da sikana yana karanta maka zafin ruwa, domin allurar allon direba a motocin zamani takan zauna a tsakiya ko da zafi yana hawa, sai abu ya ɓaci take motsi. Yi minti 20 a babban titi, ka dawo ka bar ta tsaye minti 10 tana aiki. Lamba ta riƙa hawa kaɗan, fanka ta kama, ta sauko. In tana hawa ba ta dawowa, da sauran aiki.

Motar da ta riga ta tafasa sau biyu ko uku, duba gaskit kafin ka sallame ta. Da safe inji yana sanyi, buɗe murfin lagireto ka tayar: kumfa mai fitowa ba ƙaƙƙautawa, tiyon sama da ke yin tauri kamar taya cikin minti biyu, farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi a salansa, ko ruwa da ke raguwa ba a ga inda yake zuba ba, duk alamu ne. In kana da ruwan gwaji mai launin shuɗi, ɗora shi a bakin lagireto. Ya koma rawaya, hayaƙin inji yana shiga ruwa. In bai canza ba, juye baƙin man da ya sha zafin nan ka zuba sabo, ka ce wa mai motar ya dawo bayan sati ɗaya a sake sa sikana a ga ko lambar ta dawo.